Littafin Gwaggo a Hannun Mai Ƙosai

Ko da zan yi tsawon rai har haƙorana su zube in koma rayuwa a kan koko, ba zan manta da shekarar da mu 'yan gidanmu muka taru, da zuciya ɗaya da kyakkyawar niyya, muka kusa raba Gwaggo da rubutu ba.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, malamar firamare a ƙauyenmu, can gaba da Minjibir, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta na kallon na kakarmu, wadda muke kira Inna. Bayan koyarwa, Gwaggo tana rubuta littattafan yara. In na faɗa wa mutane haka sai ka ga sun gyara zama, sun zaci wani tulin littafi ne da sai an ɗauko shi a amalanke. Ina! Littafin Gwaggo in ka ajiye shi kusa da waina, wainar ta fi shi kauri. Kowane shafi 'yan layuka ne da manyan haruffa, sauran wurin na hoto ne. Ni a lokacin ina ajin ƙarshe na firamare, kuma na sha rantsewa a raina cewa zan iya rubuta irinsa kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Amma ita sai ta shafe watanni a kan guda. Ta dawo daga makaranta muryarta a dishe, alli har a girarta, ta yi sallah, ta ci abinci a tsaitsaye, ta shimfiɗa tabarma a bayan rumbu ta zauna da biro. In ka wuce da azahar kana jin tana maimaita jimla ɗaya a hankali, in ka dawo da la'asar jimlar dai ce, sai dai ta cire mata kalma. Wata rana na tambaye ta abin da ta yi tun rana, ta ce, "Na sa 'sai', na cire 'sai'." Na ce a raina, Allah ya raba mu da irin wannan sana'a. In ta gama, ta kai shagon kwamfuta a Minjibir a buga mata, ta hau bas zuwa Kano wajen masu buga littattafai, ta dawo da magariba ƙafafunta a kumbure, takardun nan sun sha jan biro kamar an yanka kaza a kansu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ba ta taɓa tsallakewa. Babu labarin da zai tafi Kano sai ta gwada shi a kan yara. Takan tara mu a gindin darbejiyar ƙofar gida ta karanta, kuma ba fuskokinmu take kallo ba, ƙafafunmu take kallo. Cewa take yi fuskar yaro ta iya ladabi, ƙafarsa ce ba a koya wa ba. In yatsu suka fara zane a ƙasa, ko dunduniya ta fara lilo, to shafin nan ya mutu, sai ta ɗiga masa alama. Sannan in ta zo tsakiyar labari, daidai inda ya yi zafi, sai ta rufe takardun ta miƙe ta yi cikin gida ba ta ce da kowa komai ba. In yara suka bi ta suna tambaya, labari na da rai. In suka watse suka koma wasan langa, sai ta koma bayan rumbu.

Littafin wannan shekarar labarin wata kaza ne da aka sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai, kamar yadda ake yi a kowane gida a garinmu. Ta ƙyanƙyashe su, ta yi ta yawo da su tana tona musu ƙasa, shirwa ta ɗauke ɗaya, sauran suka girma. Ran nan da yamma suka buɗe fukafukai suka haye can ƙololuwar tsamiya, kaza ta tsaya a ƙasa tana kira. Wannan labari ya wahalar da Gwaggo fiye da duk na baya. An dawo mata da shi daga Kano, ta gyara, aka sake dawo da shi, har aka ce mata in ba ta kawo shi yadda ake so kafin ƙarshen wata ba, za a ba wani gurbin. Mu kuma duk gwajin da ta yi mana, kafin ta kai wurin tsamiya rabinmu sun zare jiki.

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji tana cewa Inna, "Sau ɗaya ya rage in gwada. In yaran nan ba su biyo ni ba, na haƙura. In ba mai ƙosai takardun, ko banza su yi wa wani amfani."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da irin muryar da mutum ke cewa zai je ya kwanta ta faɗa.

Washegari tana fita makaranta Inna ta leƙo ta yafito ni.

"Ke, uwar surutu, zo nan."

"Ga ni, tsohuwa."

"Tsohuwar ce ta haifi ubanki. Zauna. Kina ganin yadda gwaggonki ta koma? Wuyanta kamar mariƙin lema. Duk a kan me? A kan 'ya'yan mutane sun ƙi zama wuri ɗaya. Ba ke ce shugabar shaiɗanun unguwar nan ba? Ki tara min su. Duk wanda ya motsa ƙafa, ni da shi. In ta miƙe kowa ya bi ta. Wanda ya yi yadda aka ce, akwai dafaffiyar gyaɗa."

Ban taɓa samun muƙami irin wannan ba, kuma ban yi wasa da shi ba. Lokacin cirar gyaɗa ne, yara duk suna gona, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya har kan kunya. Bayan an tashi daga makarantar allo na tara su a kangon bayan gidanmu na ba su horon da ko soja sai ya nemi hutu. Kowa ya naɗe ƙafa, mata su rufe tasu da hijabi. In na yi tari, a yi dariya. In na sosa kunne, a ce "Allah sarki." In Gwaggo ta miƙe, a tashi a bi ta ana cewa, "Sai me ya faru?" Muka yi ta maimaitawa har wani ƙaramin yaro ya fara kuka yana cewa shi ya yafe gyaɗar.

Ranar gwaji, bayan la'asar, Gwaggo ta fito da takardunta ta tarar da abin da ba ta taɓa gani ba. Yara sun yi sahu a kan tabarmi, shiru kamar ana jiran hukuncin alƙali. Ta duba ƙasa, babu ƙafa ko ɗaya a waje. Ta ɗan tsaya, ta dube ni, na sunkuyar da kai irin na 'yar kirki. Ta fara karatu.

Wallahi ƙuda ya sauka a kan hancin wani yaro, ya zaga, ya huta, ya yi alwala, yaron nan bai ƙifta ba. Inna na daga cikin zaure tana leƙe, tsumagiya a hannu. Komai na tafiya daidai, sai dai ni, saboda zumuɗi, na riga na saci ɗanɗanon gyaɗar da aka dafa, ɓawonta ya maƙale mini a maƙogwaro. Na danne, na haɗiye yawu, na danne. Gwaggo ta zo daidai inda shirwa ta sauko ta fizge ɗan zabo, kaza na bin inuwarta tana kuka, muryar Gwaggo har ta yi ƙasa. A nan tarin ya ƙwace mini.

Yaran nan suka fashe da dariya gaba ɗaya. Ba dariyar wasa ba, irin wadda na koya musu, har da riƙe ciki. Na shiga sosa kunne da sauri don in gyara, rabi suka koma "Allah sarki," rabi suna kan dariya. Gwaggo ta sauke takardar ta bi mu da kallo.

Ta ci gaba da karatu. Can sai ga akuyar maƙwabta ta zagayo ta kama cin gefen jakarta. Gwaggo ta miƙe don ta kore ta, alhali a labarin ko kusa da wurin tsamiya ba ta kai ba. Ai kuwa rundunata ta tashi tsaye kamar an tsikare ta, suka bi Gwaggo a baya har wurin akuya, baki ɗaya, da murya irin ta karatun allo: "Sai me ya faru? Sai me ya faru?" Akuya ta tsorata ta tsallake kwata. Wani ɗan mitsitsi ya ja zanen Gwaggo ya ce, "Gwaggo, mun bi ki. Yanzu za a ba mu gyaɗar?"

Na zaci za ta yi faɗa. Na ma shirya bayana. Amma sai ta tattara takardunta a hankali, ta daidaita gefensu a kan gwiwa, ta ce da yaran su je Inna ta sallame su. Da suka watse ta shiga zaure ta zauna a ƙasa kusa da Inna, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa.

"Inna, me ya sa?"

"Me ya sa me? Na ga kina ƙarewa a tsaye. Yara ne, an ce su zauna sun zauna. Laifi ne a koya wa yaro ladabi?"

"Ba laifi ba ne. Amma yaran nan su ne idona, Inna. Ni na girma, na manta abin da ke riƙe yaro. In sun gudu, sun gaya mini gaskiya. Yanzu da wa zan gwada?"

"A tara wasu mana."

"Wane yaro ne a garin nan bai ji an raba gyaɗa ba?"

Inna ta yi ta juya tsumagiyar a hannunta.

Da safe Gwaggo ta miƙo mini baƙar leda. Na leƙa, takardun ne duka, waɗanda aka buga da waɗanda ta rubuta da hannu.

"Kai wa Iya mai ƙosai."

"Haba Gwaggo, wasa kike. Wallahi labarin da daɗi. Ni har kuka na kusa yi."

"Tari dai kika yi," in ji ta. Ta ɗan yi murmushi, wanda da ba ta yi ba ya fi. "Ba fushi nake ba, 'yar nan. Gajiya ce. Je ki."

Na tafi ina jan ƙafa. Iya mai ƙosai, wadda ke suya a bakin hanyar masallaci, ta karɓa da murna, ta murza takarda ɗaya a yatsunta ta ce, "Kai, wannan mai kyau ce, ba irin ta jarrabawa ba da mai ke hudawa. Ki ce mata Allah ya ƙaro." Ina tsaye ta zari shafi ta naɗe wa wani mai keke ƙosai. Watannin Gwaggo ke nan suka hau keke suka yi gabas.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya yi wani iri. Bayan rumbu ya zama wurin kaji. Gwaggo ta dawo daga makaranta ta zauna cikin mata ana ɓarar gyaɗa, ta yi ta ɓara ba ta magana. Ba ta rame ba, ba ta yi ƙiba ba, kawai dai kamar an rage wa fitila lagwani. Inna ta dama mata fura da kanta, ta aika a sayo mata tsire, duk ta ci ta yi godiya. Ni kuwa muƙamina ya zame mini kaya, duk inda na bi yara na tambayata yaushe za a sake zaman gyaɗa.

Wata ya kusa ƙarewa, ran nan da rana muna tsakar gida muna ɓara, sai muka ji wata siririyar sallama. Wata yarinya ce da ba mu sani ba, ba za ta wuce 'yar aji uku ba, ƙafafunta fari fat da ƙura, da kwanon abinci a ka. A hannunta akwai wasu takardu da suka sha mai har ana hango yatsunta ta cikinsu.

"An ce nan ne gidan mai takardar kaza."

Na ce, "Mu ba ma sayar da kaza."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta bi matan da ido ta ce, "Zabin nan da suka hau tsamiya, sun sauko?"

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin gyaɗa.

Da aka tambaye ta, sai ta zayyana. Daga unguwar da ke hayin rafi take, kullum da safe ita ake aika ta sayo wa kakanta ƙosan shan koko. Ran nan aka naɗe mata a takarda mai manyan haruffa, ta tsaya a hanya tana haɗa baƙi har ƙosan ya huce, ta sha faɗa. Washegari ta roƙi Iya ta naɗe mata da ci gaban, Iya ta ce ita ba ta san kai da gindin boko ba, ta zaro wadda hannunta ya kai. Haka ta yi ta tarawa, wata ta farko, wata ta tsakiya. Wata ta karɓa a hannun wani yaro, wata a bakin tunkiya ta ƙwato, rabinta ya tafi. Ta ƙarshen ce ba ta samu ba, har takardun suka ƙare, Iya ta gaji da ita ta kwatanta mata gidanmu.

"Wa ya aiko ki?" in ji Gwaggo.

"Ba kowa. Abinci aka ce in kai gona. In aka san na biyo nan ma sai na sha duka."

Gwaggo ta juya ta dubi Inna. Inna ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Wallahi tallahi ban san 'yar nan ba." Ta dube ni, na ce, "Ni ma na yi ritaya."

Sai Gwaggo ta karkaɗe zaninta, ta jawo tabarma ta ce da yarinyar ta sauke kwanon ta zauna. Babu takarda a hannunta, ba ta kuma buƙata, don labarin da mutum ya yi watanni yana sa masa "sai" yana cirewa ya zauna masa a ka kamar Fatiha. Ta faro daga farko, idonta na kan ƙafafun nan masu ƙura. Ba su motsa ba. Da shirwa ta sauko, yatsun suka lanƙwashe suka kama tabarma. Ƙannena da ke wasa a gefe suka matso da kansu, babu tari, babu sosa kunne.

Sai aka zo wani wuri da kaza ta tara 'yan zabi tana yi musu nasiha a kan biyayya da jin maganar manya. Wannan shafin Gwaggo ta fi ji da shi. A Kano an sha zagaye mata shi da jan biro, ita kuma ta ƙi cirewa, tana ganin malama ba ta rubuta littafi babu nasiha. Tana cikin faɗarsa, babban yatsan yarinyar ya sauka daga tabarma ya fara zana da'ira a ƙasa. Idonta ya koma kan kwanon abinci.

Gwaggo ta tsaya. "Wannan wurin ba ki same shi a takardunki ba?"

"Na samu."

"Yana ina?"

"Na goge hannu da shi."

Gwaggo ta yi dariyar da rabon mu ji irinta tun kafin damina. Ta yi har ta kifa kai a gwiwa, har da hawaye, yarinyar na kallonta tana mamakin abin da ta faɗa. Da ta nutsu ta share ido da bakin mayafi ta tsallake nasihar, ta tafi kai tsaye gindin tsamiya.

"To sun sauko?" in ji yarinyar.

Gwaggo ta ce ba su sauko ƙasa ba, don zabo ba ya kwana a ƙasa. Amma kaza ta yi ta tsalle tana faɗowa, tana tsalle tana faɗowa, har ta samu ta haye kan katanga. Su kuma suka yi ta saukowa reshe bayan reshe, har suka zo na can ƙasa, wanda ya sunkuyo kan katangar. A nan suka kwana, ita a kan katanga, su a kan reshe, kowa na jin numfashin kowa.

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki kwanonta ta ce, "To shi ke nan," ta fita da gudu. Baba ne ya bi ta a kan babur ya kai ta gonar, ya ba iyayenta haƙuri.

Inna, wadda ba ta taɓa zama ta ji labarin Gwaggo har ƙarshe ba sai ranar, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, kanta a ƙasa. Can ta ce, "Kazar nan dai ta ga rayuwa. Ki kwanta a kan ƙwai, ki ƙyanƙyashe abin da ba ki san inda zai tashi ya je ba." Gwaggo ta jawo tabarmarta ta matsa kusa da ita suka ci gaba da ɓara a ƙwarya ɗaya.

Washegari aka kori kaji daga bayan rumbu. Gwaggo ta sake rubuta labarin daga ka, babu nasiha, ta kai shagon kwamfuta, ta hau bas. Kada ku zaci daga nan komai ya zama daɗi. An sake dawo mata da shi a kan wasu wuraren, mai zanen hoto ya ɓata lokaci, littafin bai fito ba sai da na shiga sakandare. Bai sa ta sayi mota ba, ko keke bai saya mata ba. Har yau tana dawowa da alli a gira, tana zama tana sa "sai" tana cirewa, tana cewa wannan ne na ƙarshe. Ranar da littattafan suka iso, guda ta ɗauka ta sa a jaka ta haye rafi da ƙafa. Iya mai ƙosai kuwa har yanzu in ta gan ni sai ta ce, "Malama ba ta da sauran takardun nan masu kyau?"

Yanzu ina shirin gama sakandare, kuma na daina cewa zan rubuta irin littafinta kafin ruwan tuwo ya tafasa, don na gwada, tuwon ya ƙone, shafin na nan fari. Abin da wannan shekarar ta koya mini shi ne, in mutum ya gaji da aikinsa, ba yabo yake nema a wurinka ba, so yake ya san ko aikin ya kai. Mu da muke son Gwaggo mun rufe ƙafafunmu don kada ranta ya ɓaci, muka bar ta cikin duhu. Yarinyar da ba ta san ta ba, ba ta kuma ji tausayinta ba, ita ta dawo mata da biro hannu. Shi ya sa yanzu duk ranar da Gwaggo ta ce in zo in ji sabon labari, nakan cire takalmi, in zauna, in miƙe ƙafafuna gabanta inda za ta gan su sosai.